TARIHIN RADIYON KARKARA A NIJAR, DA ABIN DA YA TSAI DA NAMU



Zuwa ga dattawan gari da iyayenmu mata, da ƴan uwa ɗiyan garinmu masu bida a Yamai, Maradi, Damagaram, Tawa da Agadas, da waɗanda ke Kano, Legas, Kwatano, Abijan da Libiya. 

A taron ƙungiya na bayan salla an yi doguwar gardama bisa maganar gidan radiyo. Kowa ya san ɗakin nan da munka ɗora gabas da kasuwa da kuɗɗin da kunka aiko. Gini ya kai wuyan taga ya tsaya, ba rufi, ba ƙofa, awaki ke kwana ciki. Wasu sun ce a sake karo-karo a rufe shi kafin ruwa shi sauka. Wasu sun ce ba su ƙara ko dala sai sun ga takardar izini da idonsu. Har an kai ga maganganun da ba su dace tsakanin ɗiyan gari ɗaya ba, ana cewa wane ya ci, wane ya ɓoye. Bayan an watse dattawa sunka kira ni sunka ce, tun da na daɗe ina bin wanga al'amari, in rubuta abin da na sani bisa tarihin radiyo a ƙasarmu, don kowa shi ga inda jinkiri ke fitowa. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. To, ga abin da ya samu.

ZAMANIN MURYA ƊAYA

An buɗe Radiyo Nijar a Yamai cikin shekara ta 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. A wancan lokaci akwatin radiyo abu ne na sarki, da malamin lakwal, da babban ɗan kasuwa. Dattawanmu suna tune da yadda ake taruwa ƙofar gidan mai akwati bayan isha, a shimfiɗa tabarmi, yara su yi tsit. Wanda ya iya murɗa akwati yakan kamo Landan, wadda ta fara magana da Hausa cikin 1957, ko Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1962. Muryar Amurka ba ta shigo da Hausa ba sai 1979.

Cikin 1962, zamanin Diori Hamani, anka kafa ƙungiyar radiyo-kulob ta Nijar. Ga yadda aikinta yake. A gari akan samu rukunin masu saurare da mai jagora guda, sau da yawa malamin lakwal, a ba shi akwatin radiyo da rakoda. Yamai ta kawo magana bisa noma, ko kiwon lafiya, ko tafiya bida. Jama'a su saurara tare, su yi gardama, mai jagora shi ɗauki muryoyinsu shi aika Yamai. Can a zaɓi abin da za a zaɓa a watsa wa ƙasa duka. Nan ne talakka ya fara jin muryarsa tana fitowa daga akwati, kuma duk wanda ya ga wancan zamani ya san daɗin da anka ji. Sai dai muryar takan bi ta biro kafin ta komo, kuma mai almakashi yana Yamai.

Cikin 1967 anka kafa ORTN, wadda ta riƙe radiyo da talabijin na gwamnati. Bayan da soja sunka karɓi mulki cikin watan Afrilu 1974 ƙarƙashin Seyni Kunce, radiyon ta ɗauki sunan Muryar Sahel. An yi tashoshi cikin jihohi, amma dukansu na gwamnati ne. Tun daga 1958 har farkon shekarun 1990 babu wani ɗan ƙasa, ko ƙungiya, ko gari, da ke da izinin kafa gidan radiyo nasa.

MI YA SA SAI DA IZINI

Kafin mu ci gaba ya kamata a gane wani abu, don wasu a taro sun tambaya: kuɗɗinmu ne, filinmu ne, ina ruwan hukuma?

Radiyon da muke kamowa daga Landan tana tafiya bisa gajeren zango, wanda ke hawa sama shi komo ƙasa a wuri mai nisa. Zangon FM daban yake. Yana tafiya miƙe kamar gani na ido, tudu da dutsi suna tare shi. Don haka nisan da muryar ke kaiwa yana bin abu biyu, ƙarfin injin da ke watsawa, da tsawon ƙarfen da anka ɗora eriya bisa gare shi. Ƙaramar tasha ta karkara tana kai kilomita ashirin ko talatin, wani lokaci fiye, in ƙasa ta yi shimfiɗe.

Zangon FM gaba ɗaya daga lamba 87.5 ne zuwa 108. Ku ɗauke shi kamar kasuwa mai rumfuna ƙidayayyu. In mutum biyu sunka zauna rumfa ɗaya, ko sunka matsu da juna, muryoyinsu sai su cakuɗe, ba a jin kowa. Kuma daga 108 zuwa sama nan ne jiragen sama ke samun alamun da ke nuna musu hanya, inji marar kyau yana iya shiga musu. Saboda haka kowace ƙasa ke da mai rabon rumfuna. Ƙasashen Afirka da na Turai sun yi yarjejeniya a Janiba cikin 1984 bisa rabon zangon FM, kuma tashar da ke kusa da iyaka sai an duba kada ta shiga ta maƙwabta. Mu da ke kusa da Najeriya wagga magana ta shafe mu.

Wanga shi ne dalili na gaskiya. Amma tarihi ya nuna cewa mai rabon rumfa yana iya amfani da makullin da ke hannunsa don wani dalili daban, kuma nan ne rigima take.

ƘOFA TA BUƊE

Taron ƙasa da anka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 shi ya karya riƙon gwamnati ita kaɗai. Daga cikinsa anka samu hukumar ƙoli ta sadarwa, wadda anka sani da CSC, kuma cikin 1993 anka yi dokokin da sunka ba ɗan ƙasa damar kafa jarida, radiyo ko talabijin. Tasha ta farko mai zaman kanta, R et M, ta fara a Yamai cikin 1994. Bayanta Anfani ta Girema Bukar ta biyo, ta kuma buɗe rassa cikin jihohi, har da Maradi da Damagaram. Mutane sunka fara jin gardamar siyasa da harshensu, da muryar ɗan adawa kusa da ta minista.

Ba a daɗe ba anka ga iyakar abin. Lokacin zaɓen watan Yuli 1996, bayan juyin mulkin Ibrahim Bare Mainasara, soja sun rufe Anfani na wasu makonni. Cikin watan Maris 1997 wasu mutane sanye da kayan soja sunka shiga tashar sunka farfasa kayan aiki. Waɗanga tashoshi na birni ne, kuma na kasuwanci ne, da talla suke rayuwa. Ƙauye ba shi da mai talla, don haka babu ɗan kasuwar da zai kai radiyo can. Sai da anka nemi wata hanya.

BANKILARE

Hanyar ta fito daga inda ba a zata ba, wato daga masu aikin duban yanayi. A Yamai akwai cibiyar Afirka mai nazarin ruwa da iska, ACMAD. Ma'aikatanta suna da labarin damana, amma labarin ba ya kaiwa ga manomi da makiyayi. Cikin 1999, tare da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu masu agaji, anka kafa radiyon karkara ta farko a Bankilare, cikin ƙasar Tera, yamma da Yamai, garin da ba shi da wutar lantarki ko waya a lokacin.

Kayan tashar kaɗan ne: ƙaramin inji da ke shiga cikin akwati guda, makirfo, rakoda, allunan hasken rana, batir, da ƙarfen eriya. Mutanen gari sunka yi ɗakin, sunka zaɓi kwamitin riƙo, ɗiyansu maza da mata sunka koyi magana bisa iska da harsunan wurin. An kuma rarraba akwatunan radiyo da ake wanawa da hannu, waɗanda ba su bukatar sayen batir, an ba rukunan mata da yawa daga ciki. Labarin yanayi yana saukowa daga tauraron ɗan adam na kamfanin WorldSpace, a juya shi da harshen gida.

Abin ya karɓu ƙwarai. Wanda raƙuminsa ya ɓata shi kai sanarwa, ungozoma ta kira mata awo, a faɗi ranar rigakafi, a faɗi kuɗin hatsi a kasuwa. Daga nan anka tsara shirin RURANET, da niyyar kafa tasha 160, ashirin a kowace jiha daga cikin jihohi takwas. An ɗauki shekaru fiye da yadda anka zata, amma an kai: wajen 2018 an ƙidaya radiyon karkara sama da 180 cikin ƙasa. Sai dai ƙidayar suna ce. Tsakanin tashar da ke cikin takarda da tashar da ke magana kullum akwai rata, kuma ita ce ya kamata mu duba da kyau.

INDA JINKIRI KE FITOWA

Farkon abu, radiyon karkara ba a ba da ita ga mutum guda. Ƙungiya ke riƙe ta, kuma ƙungiya sai hukuma ta san da ita. Dokar ƙungiyoyi ta ranar 1 ga Maris 1984, ta zamanin Kunce, ta ce sai an rubuta ka'idojin ƙungiya, da sunayen shugabanni, a kai ga mahukunta, a jira amincewa. Sa'an nan a haɗa dosiye na biyu zuwa ga hukumar sadarwa, a nuna inda za a kafa tasha, da irin injin, da shirye-shiryen da za a yi, da inda kuɗɗin aiki za su fito. In an yarda, a ba da lamba bisa zangon FM, a sa hannu bisa yarjejeniya mai sharuɗɗa. Izinin kuma yana da wa'adi, ba gado ba ne.

Abu na biyu, ita kanta hukumar ta sha sauyi tare da mulki. Bayan mutuwar Bare cikin Afrilu 1999, gwamnatin Dauda Malam Wanke ta sa wata hukuma mai suna ONC a madadin CSC. Zamanin Tanja Mamadu CSC ta komo. Bayan juyin mulkin Fabrairu 2010 na Salu Jibo anka sake ONC, daga baya kuma CSC. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da tsarin mulki da hukumomin da ke ƙarƙashinsa. Kowane sauyi yana zuwa da sababbin mutane, kuma mai neman izini daga ƙauye, wanda ba shi da kowa a Yamai, sai shi sake koyon ƙofar da ake bugawa.

Abu na uku, kayan aiki. Inji, eriya da waya mai kauri da ke hawa ƙarfe duk daga waje suke zuwa, ƙasarmu kuwa ba ta da teku. Shekara da shekaru yawancin kayanmu ta Kwatano suke biyowa. Bayan Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, anka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumin cikin Fabrairu 2024, amma iyakar Benin ba ta buɗe ba a lokacin, kaya sunka koma bin Lome da Burkina, hanya mai tsawo da tsada. Masu agaji da yawa na Turai kuma sun tsai da taimakonsu a wancan lokaci.

Abu na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗi ba. Tashoshi da yawa sun fara magana sa'an nan sunka yi shiru. Zafin bazara yana kashe batir. Ƙura tana shiga inji. Aradu guda tana ƙone kayan shekara goma in ba a binne waya mai sauke ta ƙasa ba. Mai gyara yana birni, kuɗin motarsa kaɗai ya fi abin da tasha ke samu a wata. Shi kansa kamfanin WorldSpace ya karye cikin 2008. Masu magana bisa iska aikin sa kai suke, ba albashi, in kaka ta wuce saurayi sai shi aje makirfo shi tafi bida kamar kowa. Abin da tasha ke samu shi ne kuɗin sanarwa ta biki da rasuwa da cigiya, da katin gaisuwa, da ɗan abin da ƙungiyoyin agaji ke biya a watsa musu shiri. Da anka yi zaɓen ƙananan hukumomi cikin 2004 an sa ran magadan gari za su riƙa tallafawa. Wasu sun yi. Amma magajin garin da ke sayen batir yakan so shi ji sunansa safe da yamma.

Yanzu mu duba namu da gaskiya. Mun aza tubali kafin mu rubuta ka'idojin ƙungiyar da za ta riƙe radiyon. Da anka zo rubuta sunayen kwamiti, sai takarda biyu sunka fito, ta ƴan gida da ta ƴan Yamai, kowace da nata shugaba. Wata ƙungiyar agaji ta yi mana alkawarin inji da baki, wa'adin aikinta ya ƙare, ta tattara ta tafi. Magini ya karɓi kuɗin rufi ya sa cikin wani aikinsa, da niyyar maidowa, siminti da kwano sunka hau. Duk wanda ya duba littafin ma'aji zai ga kuɗɗin ba su shiga aljihun kowa cikinmu ba. Laifinmu shi ne mun fara daga ƙarshe.

ABIN DA AKE IYA FAƊI

Ko an samu izini, rigima ba ta ƙare ba, don takardar tana faɗin abin da tasha za ta yi da wanda ba ta yi. Shekaru da dama ka'idar ta hana radiyon karkara haɗa labarun duniya nata na kanta, ta kuma hana ta shiga siyasar jam'iyyu. Aikinta noma, kiwo, lafiya, ilimi, al'ada da sanarwa. Masu goyon wagga ka'ida suna cewa yaron da bai koyi aikin jarida ba yana iya hura wuta tsakanin manomi da makiyayi da kalma guda. Masu suka suna cewa in an hana gari faɗin cewa rijiya ta lalace ko an karkatar da hatsin agaji, to an bar shi da kiɗa da gaisuwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Tun 2016 ɗakin shirye-shirye na Studio Kalangou a Yamai ya riƙa haɗa labaru da Hausa, Zabarmanci, Tamashek, Fulatanci da Faransanci, tashoshin karkara da yawa suna watsawa, abin da ya rage wanga giɓi.

Lokacin tawayen arewa na 2007 an ga yadda makulli ke aiki. An dakatar da RFI wata guda cikin Yuli 2007. An kama Musa Kaka, shugaban radiyo Sarauniya, cikin Satumba 2007, bai fito kaso ba sai Oktoba 2008. An rufe Sahara FM ta Agadas cikin Afrilu 2008, ba ta komo ba sai bayan faɗuwar Tanja. Cikin Yuni 2010 anka yi dokar da ta hana ɗaure ɗan jarida bisa laifin aikinsa, anka yi murna. Amma cikin Agusta 2023 an katse RFI da France 24, kuma cikin Disamba 2024 an dakatar da BBC wata uku. Waɗanga manya ne masu lauyoyi. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: ƙaramar tasha irin wadda muke nema ba ta da abin kare kanta sai tsabtar takardunta da hankalin masu magana cikinta.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada wani shi ɗauka Nijar ce kaɗai ke da wagga wahala. A wanga fanni ma mun riga babbar maƙwabciyarmu. Najeriya ta kafa hukumar NBC cikin 1992, radiyo mai zaman kanta ta farko ta fara cikin 1994, amma tsarin mulkinsu ya sa izini a hannun shugaban ƙasa. Masu neman radiyon al'umma sun yi shekara fiye da goma suna kai da komo, ba a ba da izinin farko ba sai 2015, ga garuruwa 17, shekara 16 bayan Bankilare.

A Mali an buɗe radiyon karkara ta Kayes cikin 1988 da taimakon Italiya. Da taimakon ya ƙare, ƙungiyoyin ƙauyuka da ɗiyansu masu bida a Faransa suna cikin waɗanda sunka riƙe ta, don ita ce ke kai saƙo tsakanin na gida da na nesa. Wanga labari namu ne, ƴan uwa masu bida.

Har Amurka mai arziki ba ta tsira ba. Tun 1945 hukumarsu ta sadarwa, FCC, ta keɓe lamba 88 zuwa 92 don tashoshin ilimi da ba na kasuwanci ba. Cikin 1978 ta daina ba da izinin ƙananan tashoshi masu ƙarfin wat 10. Cikin tsakiyar shekarun 1990 ta dakatar da hanyar da take bi ta zaɓi guda in ƙungiyoyi da yawa sunka nemi gurbi ɗaya, takardu sunka kwanta shekaru, sai 2000 anka fito da tsarin ba da maki. Cikin wannan shekara ta 2000 ta buɗe ƙofa ga ƙananan tashoshin unguwa masu wat 100. Manyan gidajen radiyo sunka yi kuka cewa za a cakuɗe musu murya, majalisa ta taƙaita abin, ba a sassauta ba sai da shugaba Obama ya sa hannu bisa sabuwar doka cikin Janairu 2011. Kuma can takardar izinin gini shekara uku gare ta. In wa'adi ya cika tasha ba ta fara magana ba, izini ya faɗi. Ƙungiyoyi da yawa sun yi nasara a gaban hukuma sa'an nan sunka rasa gurbinsu don kuɗin ƙarfe da inji bai taru kan lokaci ba. Ke nan takarda ba kuɗɗi tana mutuwa, kamar yadda gini ba takarda ke zama ɗakin awaki.

SHAWARA

Ni ba alƙali ba ne tsakanin masu cewa a rufe ɗaki da masu cewa sai takarda. Abin da na gani cikin wanga tarihi shi zan faɗi, taro shi yanke.

Na farko, a yi zama guda, na gida da wakilan masu bida, a fito da takardar kwamiti guda. A sa mata ciki, a sa makiyaya, a sa samari, don tashar da ta zama ta unguwa ɗaya ko gida ɗaya ba ta daɗewa. A rubuta ka'idoji a kai inda ake kaiwa.

Na biyu, a zaɓi mutum biyu cikin mazauna Yamai su je su tambayi abin da ake nema yau, da bakin hukumar da ke riƙe da aikin, kada mu dogara da abin da wani ya ji shekarun baya. Duk takardar da anka kai a karɓo shaidar karɓa, a karanta ta gaban taro, a buga ta cikin wagga jarida tamu.

Na uku, kada a yi sabon karo-karo don gini. A bi magini ta hannun dattawa shi maido abin da ke wuyansa, a rufe ɗakin da shi, don ruwa kada shi cinye abin da munka riga munka zuba. Kafin radiyo ta zo, ɗakin yana iya zama ajin yaƙi da jahilci.

Na huɗu, kada a sayi inji sai izini ya fito, don lambar da anka ba mu da ƙarfin da anka yarda mana su za su nuna irin wanda za a saya. Kafin nan a buɗe asusu na wata-wata, kowane rukunin masu bida shi faɗi abin da yake iya bayarwa ba fashi, ko kaɗan ne. Shi zai sayi batir, shi kawo mai gyara, shi ba yaran da ke magana kuɗin sabulu. In mun kasa riƙe wanga asusu shekara guda ba tare da radiyo ba, to mun san ba mu iya riƙe radiyon, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar, duk mai son taimakawa, ɗan siyasa ko ɗan kasuwa, shi kawo gaban taro a rubuta, bisa sharaɗin ba shi da iko bisa makirfo.

Na san akwai tsofaffi cikinmu da sunka ba da kuɗin goronsu don su ji an kira sunan garinmu cikin akwati kafin su bar duniya. Akwai kuma ɗiyanmu a Libiya da Abijan da sunka rage abin da za su ci sunka aiko. Haƙƙinsu yana wuyanmu. Wanda ke da gyara bisa abin da na rubuta, ko wanda ya taɓa aiki cikin radiyo-kulob yana da abin da zai ƙara, shi aiko wa sakataren ƙungiya, za a buga cikin fitowa ta gaba. In na ɓata wa wani rai shi gafarta mini.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido matafiyanmu lafiya, shi haɗa kanmu. Amin.

Naku, ɗan gari mazaunin Yamai.